Bokitin Garin Kunu

Bana ma kogi ya yi ja tun damina ba ta yi nisa ba. Shekaranjiya na hau taksi zan tsallaka Harobanda, ƙetaren kogin Yamai, muka maƙale a cunkoson gada, na leƙa ƙasa na ga ruwa ya haɗiye gonakin shinkafar bakin gaɓa, sai kawunan itatuwa ke leƙowa. Direba yana ta mitar tsadar mai, ni kuwa na kasa ɗauke ido daga ruwan kamar ba a Talladje nake kwana yanzu ba, inda kogi bai san ƙofar gidana ba. Shekara goma sha wani abu ke nan, amma duk ranar da na ga jan ruwan nan sai in ji nauyin bokiti a tsakar kaina.

A waccan shekarar ina da shekara ashirin, kuma sana'ata ƙwallon tanis. Kada kowa ya hango matan nan na cikin tele masu fararen kaya da masu riƙe musu lema. Mu muna can ƙasan tukunya, wurin ƙanzo. Gasanninmu a bayan otal-otal na bakin teku ake yin su, a Tunisiya ko Masar ko Maroko, mako bayan mako, ba 'yan kallo sai mai shara da kyanwar otal. Ke za ki tsinci ƙwallonki, ke za ki wanke kayanki a wurin wanke hannu ki shanya a kan kujera, ki raba ɗaki da yarinyar da ba ku jin yaren juna, wadda wataƙila gobe ita za ta fitar da ke. Abin da ake nema maki ne. In kin tara maki sunanki ya hau jerin 'yan wasan duniya, in kin daina zuwa makin ya zube, ki koma kamar ba ki taɓa riƙe raket ba.

Babana ne ya fara sa mini raket a hannu. Mutumin Damagaram ne, aikin gwamnati ya kawo shi Yamai, ya rasu ya bar ni da Inna a wani gidan ƙasa a Lamorde, can Harobanda kusa da kogi. Dangi duk suna can gabas. A Yamai danginmu ɗaya ne, Tanti Hamsatu, Bazabarmiyar da katanga ta raba mu da ita. Ita da Inna sun fi shekara ashirin suna miƙa wa juna gishiri da garwashi ta kan katangar nan.

Abin da ya fi ƙarfina a tafiye-tafiyen ba abokan karawa ba ne, abincin otal ne. Taliya ba yaji, ganye ɗanye, kifi fari fat kamar bai ga wuta ba. Tafiyar farko da na dawo, Inna ta kama damtsena ta jujjuya shi kamar mai taya kaza, ta ce, "Mutane za su ce ba na ba ki abinci." Tun daga nan kowace tafiya sai ta haɗa mini garin kunu. Ta surfa gero, ta wanke, ta shanya, ta sa citta da kanumfari, ta kai inji, ta tankaɗe, ta zuba a wani bokitin fenti mai murfi. Rabi ta ɗaure mini a leda ta tura cikin valis, akwatin tafiyata, rabi ya jira tafiya ta gaba. A ɗakin otal in tafasa ruwa a butar lantarki in dama kununa safe da yamma, abokiyar ɗakina tana kallona tana yamutsa fuska.

Tafiyar bazarar waccan shekarar ita ce mafi kyau da na taɓa yi. Gwiwata ta dama da ta daɗe tana damuna ta yi shiru. Ina ci kamar gara, kumatuna suka fito, barci ya ragu amma ban damu ba, don ina cin wasa. Na kai wasan kusa da na ƙarshe, abin da ban taɓa yi ba. Ina fitowa daga fili wata mata mai kati a wuya ta tare ni, ta ce an zaɓe ni gwajin fitsari. Ta bi ni har ban ɗaki, ta tsaya tana kallona ina yi a cikin kofi. Kunya ta kama ni, amma tsoro ko kaɗan. Ni da ko goro ba na ci, me za su gani?

Na dawo gida hadarin farko yana haɗuwa. Inna ta dube ni sama da ƙasa, fuskarta ta washe, ta leƙa ta katanga ta ce, "Hamsatu, zo ki ga kumatu." Tanti Hamsatu ta zo ta ja kumatun, suka kalli juna suka yi dariya. Na ɗauka murnar dawowata ce.

Ana saura 'yan kwanaki a ɗauki azumi Malam Sumana, mai horar da ni tun ina ƙarama, ya zo da rana tsaka a kan babur. Na kawo masa ruwa bai sha ba.

"Koci, lafiya?"

"Balkisa, masu gwajin nan sun kira ni. Sun ce sun ga magani a fitsarinki."

Ya ce irin maganin da likita ke bayarwa ne don kumburi, kuma an hana ɗan wasa shan sa lokacin gasa. An dakatar da ni daga ranar, ko filin horo ba zan taka ba. In ban nuna musu ta inda maganin ya shiga jikina ba, kuma na tabbatar ba da sanina ba ne, shekara biyu za su ba ni. Na san abin da shekara biyu ke nufi. Makina zai zube tas, masu taimaka mini da tikitin jirgi za su juya baya, kuma sunana zai zauna a bakin mutane a matsayin yarinyar Nijar da ta yi maguɗi. Na rantse masa da duk abin da na sani. Ya ce in daina rantsuwa, in faɗa masa duk abin da ya shiga bakina tun daga filin jirgi.

Inna tana bakin murhu tana tsinke zogale. Ba ta ko ɗago kai ba ta ce, "Malam Sumana, ko ɗan maganin ƙibar nan ne?"

"Wane magani, Inna?"

"Wanda Hamsatu ta raka ni muka saya a bakin Babbar Kasuwa. 'Yan ƙwayoyi ne ƙanana, na daka na haɗa da garin. Ai ba na maye ba ne. Amare ma shi suke sha."

Ban taɓa ɗaga wa Inna murya ba, ranar ma ban ɗaga ba. Malam Sumana ya cire tabarau ya daɗe yana goge shi da bakin riga. Ya yi mata bayani a hankali, sau biyu. A na biyun na ga hannunta ya tsaya cak a cikin zogalen.

Washegari muka je kasuwa neman mai maganin. Mun same ta da farantinta, amma tana ganin namiji mai tabarau a bayanmu ta ce ita sabulu da kanwa take sayarwa, ba ta taɓa ganin Inna ba. Ƙwayoyin a leda marar suna aka ba su, kuma sun ƙare. Shaidar da ta rage mini a duniya ita ce rabin garin da ke cikin bokitin fenti. Malam Sumana ya kai mu wurin wani likita abokinsa. Likitan ya yi wa Inna faɗa, ya ce ƙwayar nan tana kumbura mutum ne ba ƙiba ba, tana kashe ƙarfin jiki a hankali, kuma kada ta kuskura ta shiga cikin yaro ko mai shayarwa. Sannan ya naɗe murfin da sikoci, ledar nan mai danƙo ta liƙe kaya, zagaye bisa zagaye, ya sa hannu a kai, ya buga hatimi.

"In wannan ya ɓalle," in ji shi, "za su ce bayan an kama ki kika zuba maganin. Kin gane?"

Na gane. Malam Sumana zai tafi da 'yan wasa ƙanana wata ƙasa sai bayan Sallah, in ya dawo shi da kansa zai kai bokitin inda za a auna. Na roƙe shi ya ajiye a gidansa. Ya ce gidansa yara sun yi yawa, gari ba ya kwana, in riƙe abina.

Haka azumi ya same mu. Yanzu yana zuwa mana da sanyi-sanyi, yaran da nake koya wa tanis ba su san azumin damina ba. Rana ba ta da zafin bazara, amma iska ce ke tsayawa, gumi ya manne wa mutum kamar an shafa masa koko. Can da la'asar gabas ta yi baƙi, a kwashe shanya a guje, ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. In ya ɗauke, kwaɗi su karɓa, sauro ya biyo baya. Kuran, wutar lantarki, yana ɗaukewa kullum, ƙanƙara ta zama abin nema, sai an bi gida-gida. Inna ta dama kunu da wani geron daban, ta kwaɗa kopto na zogale, ta soya ƙosai, Tanti Hamsatu ta miƙo lemu-hari, ruwan lemo da citta, ta katanga. Mu zauna a tabarma ɗaya ni da Inna mu sha ruwa, ba mai kallon wani.

Bokitin yana bisa kabad, na ɗora shi a kan bulo biyu. Kowace safiya sai na hau kujera na shafa sikocin. Ina tsoron ɓera, ina tsoron laima, ina tsoron rufin da ke ɗiga. Akwai kuma wani tsoron da ban faɗa wa kowa ba. Gwiwata ta dawo da ciwonta, kumatun sun saɓe, sai nake tambayar kaina ko wasannin da na ci ni na ci su ko garin Inna. Na fara buga ƙwallo a bangon gida don kada hannuna ya manta, har ranar da Inna ta ce in bari, bangon ya sha ruwa, ƙasa ke zubowa.

A tsakiyar azumi Fati, ɗiyar Tanti Hamsatu, ta haihu, ta dawo gida wankan jego. Inna ce ke dama mata kunun kanwa kowace safiya, tana azumi ba ta ko ɗanɗana gishirinsa. A lokacin kogi ya fara hawa. Kullum maza su je su duba sandar da aka kafa a bakin digi, tudun ƙasar da ke tsakaninmu da ruwa, su dawo su ce ya ƙaru da ɗan yatsa, ya ƙaru da tafin hannu. Sai aka fita gayya. Maza suna cika buhuna da yashi, mata muna ɗauko jar ƙasa a tasa, bakin kowa a bushe, ba mai magana sai numfashi. Ni ina ɗaukar tasa biyu a lokacin da wasu ke kai ɗaya. Tanti Hamsatu ta ce, "Ashe ƙwallon ga yana da amfani." Har na yi dariya, karo na farko tun zuwan Malam Sumana.

Bayan azahar digin ya ɓalle. Na zaci ruwa zai zo da ƙara, ashe a hankali yake zuwa kamar baƙon da ya san gida. Ya fara bulbulowa ta magudanar tsakar gida, sannan ta ƙarƙashin ƙofa, ja, mai sanyi, ɗauke da takalman mutane. Kafin Inna ta gama ɗaure tufafi a zani ya kai gwiwa. Na rataye raket ɗina a azara, na hau kujera na sauko da bokitin, na yi gammo na ɗora a ka.

Tafiyar nan ba ta fi ta zuwa masallacin Juma'a ba, amma ban taɓa yin mai tsawonta ba. Ruwa ya kai cinya, ya kai ƙugu. Ba a ganin ƙasa, kuma na san unguwarmu, na san ramukan masai da rijiyoyin da ba su da murfi. Kowane taku sai na lalubo da yatsun ƙafa kafin in sauke nauyi. Wani abu mai santsi ya goge ni a ƙauri, ban duba ba, don in na sunkuya bokitin zai karkace. Inna tana bayana ta riƙe mini zani, tana ta faɗin, "A hankali, a hankali." A bayanmu muka ji wani bango ya zauna cikin ruwa, ba mu waiwaya mu ga ko namu ne ba.

Aka tara mu a wata lakwal, makarantar boko da ke kan tudu, mata a cikin azuzuwa, maza a baranda. Hanyar gada ta yanke, sai kwalekwale, kuma na ga yadda ake cika su har ruwa na lasar baki. Na ce ko za a yanka ni ba zan shiga da bokitin nan ba. Muka samu kusurwa a ƙarƙashin allo, ni da Inna. Tanti Hamsatu da Fati da jaririyar suna ɗaya gefen, kusa da taga.

Ranar farko kowa ya fito da abin da ya tsira da shi aka ci tare. Daga nan abu ya fara tsanani. Buhunan gero sun jiƙe a gidaje, itace ya jiƙe, gawayi ya jiƙe. Aka koma buɗa baki da ruwa da ɗan garin rogo a tafin hannu, sahur kuwa sai niyya. Kullum a ce taimako yana hanya. Ajin yana warin jiƙaƙƙun tufafi da fitsarin yara, ƙudaje da rana, sauro da yamma. Yunwar azumi na san ta, tana da lokacin tashi. Wannan ba ta da shi.

Ba macen da ba ta san abin da ake zubawa a bokitin fenti mai murfi ba, balle wanda aka ɗauko a ka aka bar katifa. Da farko idanu ne kawai, in na tashi su bi ni, in na zauna su sauka a kan abin da na zauna a kai. Nonon Fati ya fara ƙafewa. Jaririyar tana kuka siriri kamar na ɗan akuya, ta kama nono ta saki, ta sake kamawa.

Da la'asar Tanti Hamsatu ta tsallako tabarmin mutane ta zo ta durƙusa gaban Inna. Ta yi ƙasa da murya, amma a aji ɗaya ba a ɓoye magana.

"Maman Balki, garin ga na bokiti. Ki ba ni ko ludayi uku in dama wa Fati."

Duk tsoron da na ji a cikin ruwa bai kai na wannan lokacin ba, kuma Inna nake tsoro. Matar nan ba a taɓa miƙo mata kwano ya koma wayam ba. Inna ta ɗago kai. Sannan ta yi magana, ba a ƙasa-ƙasa ba, yadda kowa zai ji.

"Hamsatu, garin nan da magani a ciki, wanda muka saya tare. Ni na zuba wa ɗiyata a abinci ba da saninta ba. Shi ya sa aka kore ta daga wasa. Za a kai shi a auna, a ga laifina ne ba nata ba."

Mace ta faɗa da bakinta, a gaban unguwa, cewa ta zuba wa wani abu a abinci, kowa ya san nauyin maganar. Na ce a raina shi ke nan, ta biya, za su ƙyale mu. Sai wata tsohuwa daga can baya ta ce, "Maganin ƙiba? To ai mu ya kamata a ba, ku dubi wuyanmu." Aka fashe da dariya. Ashe abin da ya hana ni barci wata guda, a wurinsu ƙarin daɗi ne a kan garin.

"Shi ne mi?" in ji Tanti Hamsatu. "Ni na sha shi. Fati ta sha kafin aurenta."

"Likita ya ce yana cutar da mai shayarwa."

"Likitan yana ina? Ya zo ya ba jinjirar nono."

"Ki yi haƙuri, Hamsatu."

"A buɗe a ɗiba kaɗan a mayar da murfi. Wa zai sani?"

Na ce, "Tanti, in aka ɓalle sikocin shaidar ta lalace. Shekara biyu za su hana ni wasa."

Ta juyo ta dube ni kamar yau ta fara ganina. "Wasa," ta ce. Ta miƙa hannu ta kama marikin bokitin.

Inna ta ce mini, "Tashi."

Na so in ƙi, amma ƙafafuna sun saba da muryarta, suka miƙe da kansu. Na tsaya ina kallon sikocin da sa hannun likita, ina jiran in ji ƙarar yagewarsa. Inna ta taso, ta cire hannun Tanti Hamsatu daga marikin a hankali, ta juya ta zauna a kan bokitin, ta gyara zaninta ta rufe shi.

"Ba ɗiyata ta hana ba," ta ce. "Ni na hana. Mai zagi ya zage ni."

Tanti Hamsatu ta miƙe tsaye. "Ranar da mijinki ya mutu, wa ya kwana da ke?"

"Ke ce."

"Wa ya dafa wa masu zaman makoki?"

"Ke ce, Hamsatu."

"To."

Ta tsallake tabarmin ta koma wurin taga. An zagi Inna kuwa. Ba a fuska ba, a gefe, da Zabarmanci da Hausa, yadda za ta ji. Marowaciya, mai zama a kan abinci, wadda ƙwallo ya fi mata rai. A kan bokitin Inna take wuni, a jikinsa take jingina, in za ta yi salla ni in zauna har ta sallame. Rabonta na garin rogo ta aika wa Fati ta hannun wata mata, ban san ko an ci ba. Ni kuwa kunnena yana wurin taga. In jaririyar tana kuka in tsorata, in ta yi shiru in fi tsorata, in miƙa wuya in ga ko zanin da aka rufe ta da shi yana motsi. Na san in yarinyar nan ta mutu, ba wanda zai ce zazzaɓi ne ko ajali. Za a ce garin Maman Balki.

Ba ta mutu ba. Kwana biyu bayan haka kwalekwale suka kawo shinkafa da gero da madarar gari, aka hura wuta a filin lakwal, nonon Fati ya dawo. A lakwal muka yi ƙaramar Sallah da tufafin jikinmu. Da ruwa ya janye muka koma muka tarar ɗaki ɗaya ya zube, ɗaya yana tsaye, raket ɗina suna rataye sun yi funfuna. Katangar da ke tsakaninmu da Tanti Hamsatu ta narke gaba ɗaya, muna ganin tsakar gidansu suna ganin namu, amma ba wanda ya tsallaka. Da suka tashi gini, ita suka fara tayarwa, kuma ta fi ta da tsawo.

Malam Sumana ya dawo ya duba sikocin ta kowane gefe, ya ɗaure bokitin a bayan babur. Na tsaya a ƙofa har ya sha kwana, kaina ya yi sakayau, har jiri na ji. Bayan wasu makonni aka kira mu wani ofis, aka zaunar da Inna gaban ordinater, wato kwamfuta, Turawa uku a cikin gilashin, da mai fassara a gefe. Ta faɗa musu abin da ta faɗa a lakwal, ba ta rage ba. Wata mai farin gashi a cikinsu ta tambaya me ya sa ta yi haka. Inna ta dubi mai fassarar da mamaki, ta ce, "Ta rame. Su ba su gani ba?"

Ana gab da layya hukunci ya fito. Sun ga maganin a cikin garin, sun yarda ban sani ba. Suka ƙwace makin waccan gasar, suka ba ni wata huɗu maimakon shekara biyu, kuma mafi yawansu sun riga sun wuce. Na koma wasa da sanyin shekarar, aka fitar da ni a zagayen farko, na yi kuka a ban ɗakin otal don murna da haushi a haɗe. Na ƙara shekaru ina yawon nan, ban zama kowa ba, amma da ƙafata na bari, ba kora ta aka yi ba. Yaran da nake koya wa yanzu suna duba sunan kowane magani a salula kafin su haɗiya, ni kuma iyayensu mata nake tarawa in yi musu bayani, suna kallona kamar na zage su.

Layyar waccan shekarar ba mu yanka komai ba. Washegarin Sallah, ranar rabon nama, Malam Sumana ya kawo mana cinya guda daga ragonsa. Inna ta zaɓi tsokar da ta fi kyau, ta yanka, ta jera a kwanon samira ta rufe, ta ce in kai gidan Hamsatu. Na zagaya ta ƙofa. Fati tana shara da jaririyar a baya, jaririyar ta yi ɓul-ɓul, wuyanta har ninki. Tanti Hamsatu ta amsa gaisuwata da kyau, ta tambayi gajiyar Sallah.

"An bar ki ki yi wasan?"

"An bar ni, Tanti."

"Madalla."

Ta ɗaga murfin kwanon ta duba, ta mayar ta rufe.

"Ki mayar mata. Ki ce mun ƙoshi."

Har Inna ta bar Lamorde ta dawo wurina, ba su sake zama a tabarma ɗaya ba. Amma ranar ban san haka ba tukuna, ina dai tafe da kwano ina neman ƙaryar da zan yi. Inna tana bakin ƙofa. Ta ga yadda na riƙe kwanon da hannu biyu, ba ta tambaye ni komai a kansa ba.

"Jaririyar fa?"

"Ta yi ƙiba, Inna."

"Alhamdu lillahi."

Ta karɓi kwanon ta ajiye a cinyarta, ta daɗe hannunta yana kan murfin. Sannan ta tambaye ni yaushe ne tafiyar, na ce ba da daɗewa ba. Ta ce to a soya shi ya bushe sosai, in tafi da shi, ya fi kifin mutanen can. Ta hura wuta, ta ɗora tukunya, ta jawo kwalbar mai. Na juya zan shiga ɗaki, sai ta kira ni.

"Gishiri kawai zan sa," ta ce. "Ki tsaya ki gani."

Na so in ce mata ba sai na tsaya ba. Na jawo kujera na zauna kusa da murhun, ina kallon hannunta har ta sauke tukunyar.